Ƙullin Baba Gajere

Lahadi, 6 ga Zulƙida 1313, hantsi

Bismillahi. Takardun nan ragowar na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Su ya bar mini, da ɗan karatun da ya samu ya cusa mini kafin ya rasu. Shekara ashirin suna cikin gafaka ban taɓa su ba, don mai ginin rijiya ba shi da abin rubutawa. Yau na ɗauko su saboda ƙirjina ya cika, bakina kuma ya ƙi buɗuwa.

Ila ya rasu ranar Laraba a cikin rijiyar garinmu. Ɗan Baba Gajere ne, shi kaɗai ne namiji a 'ya'yansa. Baba Gajere kuwa shi ya riƙe ni bayan mahaifina, ya koya mana sana'a ni da Ila da bulala ɗaya. Ila ne a ƙasa ranar, gaba talatin, yana yasa. Ni ne a sama.

Zan tsaya nan. Tawadar ta yi ruwa da yawa.

Litinin, la'asar

Bari in rubuta yadda muke aiki, ko ba komai hannu ya saba da alƙalami. Igiya biyu ce. Babbar tana ɗaure a ƙirjin mai shiga, ta bi ta kan gungumen bakin rijiya ta tafi ga sa, bijimin da ke jawo mutum. Ƙaramar siririya ce, muna ce mata igiyar kira, baki ɗaya a wuyan hannun na ƙasa, ɗayan a ƙugun na sama. Ja ɗaya, a sako guga. Ja uku, iska ta ɓaci, kora sa ka fito da ni yanzu-yanzu. Baba ne yake ɗaura wa na sama igiyar da hannunsa, ta baya, sannan ya dafa shi ya ce, "Daga yanzu ba ka da ƙafa sai ya fito." Tun zamanin kakansa haka ake yi.

Ranar Laraba Baba ya ɗaura mini, ya koma gida saboda ciwon gwiwa. Maza suna sharar gona. Can sai ƙura ta taso daga arewa, kawunan raƙuma a cikinta. Wata mace ta kwartsa ihu, "Mahara!" Mata suka zubar da tuluna suka ruga cikin shingen gari. Hanyar da sa yake bi in zai ja, arewa ta nufa.

Ashe fatake ne daga Agadas, ƙishirwa ta koro su. Ko takobi ba a zare ba.

Da mutane suka fito sun same ni a bakin rijiya, igiya a ƙuguna, Ila kwance a gabana. Na ce bai ja ba. Na ce iska ta shaƙe shi shiru.

Haka na ce.

Talata, azahar

Yau ma an zo gaisuwa. Kowa ya gama da Baba sai ya juyo kaina: "Haruna namiji! Gari duk ya watse, kai kaɗai ka tsaya." Wani tsoho har ya kama hannuna ya shafa a fuskarsa. Wallahi da yawu ya tofa mini da ya fi mini sauƙi.

Ƙaya ta karye a tafin ƙafata, wurin ya kumbura. Matata Asibi ta sa tsinke tana tonowa, sai ta ce, "Maigida, wannan ai ƙayar shinge ce. Ina ka taka ta?" Na daka mata tsawa ta sakar mini ƙafa. Ba ta yi mini laifin komai ba.

Alhamis, almuru

Na fara azumi. Ba zan ajiye ba sai na ji sauƙi.

Jumma'a, 11 ga wata, hantsi

Fataken nan sun wuce zuwa Damagaram sun bar wani tsoho mara lafiya a gindin aduwa. Kwana tara yana nan, ana miƙa masa abinci daga nesa kamar kuturu, don akwai zanen gicciye shuɗi a wuyan hannunsa, an ce alamar Nasara ce. Na ce a kawo shi zaurena. Lada nake nema, kuma mai yawa nake bukata.

Sunansa Dodo. Ya ce ɗan Damargu ne, daga wani ƙauye gabas da Falanko. An sace shi yana kiwon awaki, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har Masar. Shekara arba'in ya yi a gidan wasu mutane da ake ce wa Kibɗawa, kafin maigidan ya 'yanta shi. Ya taso don ya mutu a gida, sai fatake suka gaya masa a hanya cewa ƙauyen nasu ya tashi tun tuni, ko kufai babu. Hausarsa kamar ta ɗan yaye, da Larabci a cikinta. Na tambaye shi yana salla? Ya ce, "Ɗana, ina roƙon Allah. Abin da ni ne kuwa, shi ya fi ni sani."

Lahadi, la'asar

Guga laka yake kawowa. Yasar da Ila ya fara ba a ƙarasa ba, kuma duk garin nan ni kaɗai na rage mai shiga rijiya. Mata suna tafiya Olelewa neman ruwa, su fita da sassafe su dawo bayan azahar da tulu ɗaya-ɗaya. Maigari ya aiko yana tambayar yaushe zan shiga. Na ce ƙafa.

Ƙafar ta fara warkewa.

Talata, 15 ga wata, azahar

Baba ya aiko mini da furar da aka dama wa masu gaisuwa. Kullum sai ya aiko. In na je gaishe shi ya ce, "Zauna nan, ɗana," ya nuna mini buzun Ila. Ba na iya duban fuskarsa, ƙafafunsa nake gaisarwa.

Na rabar da rigata ta Salla. Na ba maƙwabta rabin geron rumbu. Goshina ya yi baƙi don sujada. Ban ji komai ya ragu ba.

Laraba, hantsi

Mako biyu.

Alhamis, la'asar

Tsohon nan akwai tsokana. Na kai masa kunu, ya kurɓa ya ce, "Wannan na tausayi ne ko na lada?" Na ce shan zai yi ko bincike? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shekara arba'in yana bauta, ya san fuskar mai aikin da ke tsoron bulala, kuma ita yake gani kullum a bakin zaure.

Sai ya shiga ba ni labarin mutanen da ya zauna wurinsu. Ya ce suna cewa su Nasara ne tun na farko-farko, jikokin waɗanda suka ji daga bakin waɗanda suka ga Annabi Isa. Ya ce mutanen farkon nan sun yi gardama mai zafi a kan abu ɗaya: me ke tsirar da mutum? Wasu suka ce kiyaye doka, abin ci da abin bari, azumi da kaciya. Wasu suka ce duk wannan yana da kyau, amma ba ya kai mutum, don babu wanda hannunsa ya fita tas. Tsira alherin Allah ce, kyauta yake bayarwa, abin da ke kan bawa shi ne ya ba da gaskiya ya karɓa. Aikin kirki daga baya yake biyowa, don godiya.

Na ce, "Af! To ai kowa sai ya yi ta ɓarna ya jira kyauta." Ya ce an ce musu haka tun a lokacin. Na ce me suka amsa? Ya ce barci yake ji.

Jumma'a, bayan masallaci

Yau ya ba ni labarin wani ɓarawo da aka kafe a kan itace kusa da Annabi Isa. Na tare shi na ce mu ba mu yarda an kafe Annabi Isa ba, Allah ya ɗauke shi. Ya ce, "Na sani, ɗana, a gidan Musulmi aka haife ni. Ajiye wannan, ka dubi ɓarawon." Ya ce mutumin ya ƙare rayuwarsa yana tare hanya. Ga shi hannuwa a kafe, ba zai yi alwala ba, ba zai mayar da abin da ya ƙwace ba, ko ruwa ba zai miƙa wa wani ba. Baki kaɗai ya rage masa. Ya ce ya cancanci abin da ya same shi, ya roƙa a tuna da shi. Aka ce masa an karɓe shi, a ranar, ba a ce sai ya gyara ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Waɗanda ya kashe a hanya fa? Uwayensu fa? An tambaye su?" Muryata ta tashi har Asibi ta leƙo. Dodo ya dube ni ya ce, "Wa ka kashe a hanya?"

Na fita na bar shi da kunun.

Asabar, almuru

Ban shiga zaure ba yau. Asibi ta kai masa abinci.

Litinin, 21 ga wata, hantsi

Na je wurin Liman Manzo da dabara, na ce wani baƙo ya faɗi kaza da kaza, ƙarya ce ko? Na ɗauka zai ce in kori tsohon. Ya shafa gemu ya ce a kan Annabi Isa kam mun rabu da su, babu sulhu. Amma a karatunmu ma ba wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna sai Allah ya lulluɓe shi da rahama, aiki umarni ne aka ba mu, ba a ce da shi za mu sayi Allah ba. Na ji wani sanyi ya fara sauko mini. Sai ya ƙara da cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangiji, tuba tana wankewa, amma haƙƙin ɗan Adam sai an je gaban mai shi.

Ya ce, "Wai azumin me kake yi haka, Haruna? Ka zama kamar kara." Na ce na Ila ne. Ya sa mini albarka. Shi ma, kamar sauran mutanen gari.

Talata, azahar

Ƙishi. Harshena kamar fata. Ina iya shan wannan wuyar shekara goma, in dai ba za a ce in je gidan can in buɗe baki ba.

Alhamis, 24 ga wata, la'asar

Dodo ya daina cin abinci. Na zauna kusa da shi ina kore masa ƙuda, sai na ji bakina yana cewa akwai wani mutum a wani gari da aka ba amana, tsoro ya kama shi. Ya ce, "Wani mutumin nan, yana ɗingishi?" Na ci gaba da kore masa ƙuda.

Ya ce, "Sau nawa ka shiga rijiya?"

Na ce ba su ƙirguwa.

"Sau nawa ka fito da kanka?"

Na ce, "Haba Baba Dodo, gaba talatin? Ba a fitowa da kai, jawo mutum ake yi."

"To in iska ta ɓaci, mene ne aikin na ƙasa?"

"Ya ja igiyar kira."

"Ba ya gani ko akwai kowa a sama?"

"Ɗan haske kaɗai yake gani, kamar bakin tulu."

Ya ce, "Shi ke nan abin da na ji shekara arba'in a gidan mutanen nan. Ban fi haka sani ba. Kai kana ƙasa kana ta kartar bango da farce."

Ban san lokacin da na ce masa ba. Bari in rubuta, tun da na riga na faɗa. Ila ma ya ja. Sau uku, na ji su a ƙuguna ɗaya bayan ɗaya, lokacin ina jujjuyo igiyar ina neman ƙullin. Na kwance. Na gudu har bakin shinge. Da na ga raƙuman sun durƙusa ana sauke kaya, na dawo da gudu na mayar da igiyar na kora sa. Ya fito da ita a naɗe a yatsunsa.

Na ce wa Dodo, "Ka gani? Ya ba da gaskiya, ya ja, ba kowa a sama." Ya kama hannuna da nasa mai zanen, ba ƙarfi ko kaɗan, ya ce, "Wannan kai ne. Shi Allah ba ya kwancewa."

Na yi kuka kamar mace mai naƙuda. Ban ji sauƙi ba.

Asabar, hantsi

Dodo ya rasu jiya da la'asar. An tsaya ana ka-ce-na-ce a kan inda za a sa shi. Liman ya ce an haife shi Musulmi, abin da ke zuciyarsa kuma ba mu aka ba awo ba. Wasu suka ƙi zuwa. Ni na gina kabarin, ƙasa kamar dutse. Mu biyar muka rufe shi, har da Baba Gajere da sandarsa.

Bai ga garinsu ba.

Lahadi, azahar

Zaure ya yi faɗi.

Talata, 29 ga wata, la'asar

An kawo Asibi a kan jaki. Ta faɗi a hanyar Olelewa, tulun ya fashe, goshinta ya tsage. Ashe ba ta sha a hanya, duk ruwan take kawowa don in samu na buɗa-baki. Da ta farfaɗo ta ce, "Maigida, ban san abin da ke cinka ba, ban kuma tambaya ba. Amma azuminka mu yake kashewa."

Awaki uku sun mutu a gidan maigari. Tir da ni. Ina nan ina tara lada, mata suna faɗuwa a hanya.

Ba zan shiga rijiyar nan da wannan abu a cikina ba. Kuma dole in shiga.

Laraba, almuru

Na je wurin Baba. Na same shi shi kaɗai yana tufka igiya. Ya nuna mini buzun Ila, na ƙi, na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Baba, Ila ya ja." Na faɗi duka, har da ƙayar. Ina jira ya ɗaga sandar, wallahi ina so ya ɗaga.

Bai daina tufka ba. Can ya ce, "Wa ya kwance maka igiya ranar, da muka zo?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "A baya na ɗaura. A cibiya na kwance. Ƙullin kuma na ɗaure akuya ne, ba nawa ba."

Wayyo Allah. Mako huɗu. Furar nan da yake aiko mini, da buzun, da "zauna nan, ɗana," duk yana sane. Na ce, "Baba, don me ba ka tona ni ba?" Ya ce da daren farko ya so, har ya wasa wuƙa. Bai faɗi abin da ya hana shi ba. Ya ce, "Kullum ina duban ƙofa ko za ka zo. Ka daɗe, Haruna."

Na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi in je in ci abinci, gobe akwai aiki. Na ce wa zai riƙe mini? Ya ce in tafi.

Alhamis, 1 ga Zulhajji, la'asar

Dole in rubuta wannan.

Gari duk ya taru. Maza uku suka fito za su riƙe, Baba ya kore su da sanda. Ya fito da igiyar kira, ita ce dai ta ranar, ya naɗa a ƙugunsa ya juya mini baya ya ce, "Ɗaura." Ya riƙa gaya mini yadda zan bi da bakin igiyar, ƙullin da bai taɓa koya mana ba. Na ɗaura. Ya ce, "Faɗi mana." Da ƙyar na ce, "Daga yanzu ba ka da ƙafa sai na fito."

Na sauka. Fartanyar Ila tana nan a kafe cikin laka inda ya bar ta. Da ita na yi aikin. Guga ya hau ya sauka har na daina lissafi, ruwa ya fara tsattsafowa ya rufe mini idon sawu. Sai kaina ya fara sarawa, ƙirjina ya yi nauyi, hasken sama ya koma biyu. Na san iskar nan. Ita ce.

Na ɗaga hannu zan ja, sai na tsaya. Na ce a raina ai nan ne wurin, haka ya dace, in zauna kawai a gama. Kowa zai ce iska ta shaƙe shi shiru. Na zauna cikin ruwan. Ban san iyakar zaman da na yi ba. Ba ni da wani abu da zan nuna a ce don shi za a fitar da ni, ko ɗaya. Na tuna tsohon da ke can sama da gwiwoyinsa, ya ba ni bayansa na ɗaure.

Na ja. Ɗaya, biyu. Kafin na ukun na ji babbar igiya ta cije mini ƙirji.

Da na farka ina kwance a kan laka ana yi mini fifita. An ce Baba ya kora san da gudu, ya faɗi sau biyu, ya tashi, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ya dawo yana jan ƙafa, gwiwoyinsa duk jini, igiyar tana ƙugunsa. Ya sunkuyo kaina ya kama kunnena ya murɗe kamar ina ɗan shekara goma.

Ya ce a hankali yadda ba mai ji sai ni, "Na ji lokacin da ka daina aiki. Me ka zauna jira? Ɗa ɗaya na ba rijiyar nan. Ba na ƙara mata."

Jumma'a, hantsi

Guga ya kawo ruwa, ja ne amma ana sha. Na ajiye azumin. Asibi ta miƙo mini ƙwarya na shanye, har yanzu ban gaya mata ba, yau zan gaya mata.

Ila yana inda yake. Baba bai ce ya yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba. Saura yasar kwana biyu. Ya aiko a ce mini in fito da wuri gobe, shi zai riƙe.